Me ya sa 'yan bes ke kewar tsofaffin jitocin da aka daina ƙerawa?

Wai me ke cikin tsohuwar jitar bes ne da har makaɗi zai bar sabuwa dal a kwali, ya bi wadda fentinta ya goge, wuyanta ya yi baƙi da gumin hannu, kuma ya biya kuɗin da ya ninka na sabuwar sau goma? Tambayar ta daɗe tsakanin masu kiɗa amma ta fito fili sosai a farkon 2024, lokacin da labari ya bazu cewa an gano bes ɗin Paul McCartney na ban ɗin Beatles, ƙirar kamfanin Höfner da ya saya fam 30 a Hambug a 1961, aka sace ta a Landan a 1972, ta dawo hannunsa bayan shekara 50 da ɗoriya. Duk wanda ya ɗora hoton tsohuwar jita a Facebook sai ka ga an rabu, wasu na cewa an daina irin wannan aikin a duniya, wasu na cewa wayon 'yan kasuwa ne kawai. Nan Katsina ma gardamar tana tashi tsakanin yaran situdiyo da masu buga wa coci da 'yan ban ɗin biki. Ni dai a ganina kewar gaskiya ce, ba ƙarya ba, sai dai mutane suna ɗora ta inda ba nan take ba, kuma a wannan kuskuren ne ake cutar mai saye.

Ita bes ɗin ma mece ce?

Dole a fara daga nan, don mu a Arewa fiyano ta cinye aikin bes tuntuni. Tun shekarun 1990 da kiɗan fina-finai ya koma kan fiyanon Yamaha, wannan sautin mai kauri da ke bugun ƙirji daga ƙasan waƙa da maɓalli ake fitar da shi, shi ya sa da yawan masu sauraro ba su taɓa ganin jitar da asali aikinta ne ba. Waɗanda ke riƙe da ita a wajenmu 'yan kaɗan ne, ban ɗin coci, ban ɗin soja da na 'yan sanda, masu son regge, sai kuma makaɗan Nijar da ke shigowa ta Jibiya daga Maraɗi ko ta Kwangwalam zuwa Daura, su kam jita ta zama jininsu.

Bes jita ce mai dogon wuya, yawanci tsirkiya huɗu masu kauri, wata biyar wata shida. Akwai gangar jiki ta katako, akwai wuya, a fuskar wuyan an manna wani siririn katako da aka jera ƙarafan da ake kira firet, a cikin wuyan kuma an ɓoye dogon ƙarfe da ake murɗawa a miƙar da shi in ya lanƙwashe. Sai fikof, wato maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, shi ke ɗaukar rawar tsirkiya ya mayar da ita lantarki zuwa amfilifaya. Wata bes tana da batir a cikinta da ke ƙara wa sautin ƙarfi, wata ba ta da shi. Kusan duk kukan da ake yi na an daina kaza an daina kaza, a kan ɗayan waɗannan sassan yake.

Kafin 1951 babbar bes ta tsaye ake bugawa, mai tsawon mutum, ga wuyar ɗauka ga sautinta na nutsewa cikin ganguna. Leo Fender, mai gyaran rediyo a garin Fulaton na Kalifoniya wanda shi kansa bai iya buga jita ba, shi ya fito da bes mai suna Precision a kamfaninsa na Fender a 1951, ya biyo da wata mai suna Jazz a 1960. Har yau kusan duk bes ɗin da ka gani a shago, ko ta Chaina ce, zubin ɗaya daga biyun nan ta bi.

Yadda abu ke ɓacewa daga kasuwa

Babban labarin da 'yan bes ba sa gajiya da shi shi ne na Janairun 1965, lokacin da kamfanin yaɗa labarai na CBS ya sayi Fender a kan dala miliyan 13. Sabbin masu gida suna son a ƙera da yawa cikin sauri, sai abubuwa suka riƙa canzawa ɗaya bayan ɗaya. Wajen ƙarshen shekarun 1960 aka bar siririn fentin da ake kira naitiro aka koma mai kauri irin na roba, don ya fi saurin bushewa ya fi jure bugu. A tsakiyar shekarun 1970 wuyan Jazz da ake ɗaurewa da sukuru huɗu aka mayar da shi uku, kuma da yawa ramin da wuyan ke zama ya yi faɗi har wuyan na motsi. Jitocin suka ƙara nauyi. Daga nan aka samu rabuwar da har yau take yanke farashi, ta kafin CBS ta saya da ta bayan ta saya, Jazz ɗin farkon shekarun 1960 mai lafiya yanzu ana maganar dala 20,000 ne ko sama.

Amma a lura, ba komai ne laifin CBS ba. Jazz ta farko tana da abin murɗawa guda biyu masu hawa biyu, kowane fikof da nasa na ƙarfin sauti da nasa na kaifin sauti, Leo da kansa ya watsar da tsarin wajen 1962 ya koma guda uku don ya fi sauƙi. A shekarar ne kuma aka rage kaurin katakon fuskar wuya. Wato wasu abubuwan da ake kuka a kai, mai ƙirƙirar ne ya ga bai gamsu da su ba.

Wasu kuma masana'antar ce ta mutu gaba ɗaya. Matsumoku ta Japan, wadda ta ƙera Aria Pro II masu kyau irin SB-1000, an rufe ta a 1987. Gibson ta bar tsohuwar masana'antarta ta Kalamazu a 1984, a farkon shekarun 1980 kuma ta daina ƙera bes ɗinta Ripper da Grabber, ita Grabber ɗin fikof ɗinta zamewa yake, ka tura shi gaba ko baya da hannu sauti ya canza, dabarar da ba kasafai ake ganin irinta ba yanzu. Peavey T-40 da ta fito a 1978, mai nauyin tsiya amma ba ta jin wahala, ita ma ta tsaya. Kamfanin Music Man da Leo ya ƙera wa bes ɗin StingRay a 1976 ya koma hannun kamfanin Ernie Ball a 1984, nan ma aka samu 'yan kafin da 'yan bayan. Fender ɗin kanta CBS ta sayar wa ma'aikatanta a 1985 ba tare da masana'antar Fulaton ba.

Dalilin kamfani bai wuce uku ko huɗu ba, abin bai sayu ba, ko ƙera shi na cin lokaci, ko mai kawo wani sashi ya daina, ko an canza masu gida. Makaɗi yana lissafin sauti, kamfani yana lissafin minti nawa ma'aikaci zai ɓata a kan jita ɗaya.

Katako da doka

Wannan ɓangaren ne aka fi rashin sani, kuma ya shafe mu kai tsaye. Katakon fuskar wuyan tsofaffin Fender daga wata bishiyar Barazil ake samunsa, an sare ta har ta kusa ƙarewa, a 1992 yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin dabbobi da itatuwan da ke fuskantar ƙarewa ta sa ta a jerin da aka fi tsanantawa. A Janairun 2017 aka sa wa sauran danginta duka takunkumin takarda, sai ga Fender ta sauya katako a jitocinta na Meziko, wasu kamfanoni suka koma wasu itatuwan, ko da aka sassauta wa kayan kiɗa a 2019 an riga an yi nisa. A 2020 kuma Fender ta sanar da rage amfani da katakon ash a yawancin jitocinta, saboda wani ƙwaro da ke kashe bishiyar a Amurka da ambaliyar da ke hana sara a yankin kogin Misisipi.

Mu ma muna da namu labarin. Madobiya, wadda 'yan katako ke kira koso, an yi ta lodinta daga Taraba da maƙwabta zuwa Chaina don yin kujeru da gadaje, har ita ma ta shiga jerin CITES a 2017, a 2018 aka dakatar da Najeriya daga fitar da ita. Ba jita aka yi da ita ba, amma hanya ɗaya ce, itacen da ya ɗauki shekaru kafin ya ƙosa in aka share shi ba ya dawowa don mai saye ya yi kuka. To in ɗan bes ya ce ba a sake irin katakon da, a nan kam gaskiya ya faɗa. Tambayar da ta rage ita ce ko katakon ne ke ba da sautin.

Abin da hannu ke nema

Ni a nan nake ganin asalin kewar take. Wanda ya shekara 15 yana buga bes ɗaya, hannunsa na hagu ya haddace faɗin wuyan da kaurinsa da tazarar tsirkiya, ba ya duba wuya in yana kiɗa. Wuyan Precision na da faffaɗa ne, na Jazz siriri ne a sama, in kamfani ya rage ko ya ƙara ko da kaurin farce ne, mai hannun zai ji tun a bugun farko ko da mai sauraro bai ji komai ba. Haka tsawon wuya, bes ta yau da kullum inci 34 ce, Mustang da Fender ta yi daga 1966 zuwa 1981 inci 30 ce, masu ƙananan hannu da masu ciwon kafaɗa sun yi ta neman ta shekara da shekaru har sai da aka dawo da ita. Siririn fentin da kuma yana gogewa a bayan wuya ya bar katako sumul, hannu na zamewa a kai ba ya kamawa in an yi gumi, wanda ya taɓa buga biki a zafin Afirilu a Katsina ya san darajar wannan.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da aka cire shiru. Tsofaffin Fender suna zuwa da murfin ƙarfe a kan gadar tsirkiya, wato ƙarfen da ke riƙe tsirkiya a gangar jiki, a ƙarƙashin murfin akwai soso da ke danne tsirkiyar ya sa sauti ya fito gajere mai kauri kamar bugun ganga. An daina sa murfin a farkon shekarun 1980 tunda yawancin makaɗa cire shi suke yi. Tsirkiyar da ma mai santsi ce, ta yanzu mai kaushi ce mai ƙara kamar ƙarfe. Wato rabin abin da ake kira sautin da, soso ne da tsirkiya, abubuwan da za ka iya sa wa sabuwar jitarka yau da yamma.

Fikof ma haka. A da mutum ne ke riƙe da wayar yana jagorantar naɗin da hannu, akwai Abigail Ybarra da ta shiga Fender a 1956 ba ta yi ritaya ba sai 2013, har ana neman fikof mai sa hannunta. Naɗin hannu ba ya zuwa daidai, wani ya ɗara wani, shi ya sa bes biyu 'yan shekara ɗaya ba sa magana iri ɗaya, wanda ya dace da mai daɗi in ta ɓace masa ba shi da inda zai je ya ce a ba shi irinta.

Kunne kuma yana da nasa. James Jamerson, wanda ya buga bes a tarin waƙoƙin kamfanin faifai na Motown a Amurka, Precision ce ta 1962 a hannunsa da tsirkiya mai santsi da ba ya canzawa. Aston Barrett na ban ɗin Bob Marley, wanda ya rasu a 2024, Jazz ya fi riƙewa. Duk wanda ya tashi da kaset ɗin regge wannan sautin ne ya zauna masa a matsayin bes, komai ya ji daga baya da shi yake aunawa. Abin da ake mantawa shi ne yatsun mutanen da amfilifayarsu da na'urar ɗaukar sauti ta lokacin duk suna cikin abin da kunnen ya ji.

Masu cewa ruɗi ne

Hujjarsu mai ƙarfi ce kuma ya kamata a saurare su. Na farko, tsofaffin da suka kai yau zaɓaɓɓu ne. Masu wuyan da ya murɗe da masu mataccen sauti an fasa su an cire sassa ko an jefar tuntuni, masu kyaun ne aka adana. Kamar Fijo 504 ce da aka haɗa a Kaduna, kowa na yabon wadda ya gani har yanzu tana ɗaukar kaya a hanyar Mai'aduwa, ba wanda ke ƙirga dubban da suka zama ƙarfen bola.

Na biyu, abin da ake kewa yana canzawa. Fender ɗin shekarun 1970 da aka yi ta zagi saboda nauyi da sukuru uku, yanzu nemanta ake yi da kuɗi, musamman da ɗan bes Marcus Miller ya yi suna da Jazz ɗinsa ta 1977. A farkon shekarun 1970 ne aka matsar da fikof na baya na Jazz kusa da gada kaɗan, ya ba da sauti mai kaifi da masu marin tsirkiya da babban yatsa ke so, sai abin da aka ɗauka lalacewa ya koma abin nema. Peavey T-40 ma ta daɗe tana yashe a shagunan gwanjon Amurka ba mai kallo. Sau da yawa mutum samartakarsa yake nema, jitar da ya gani a shago yana ɗan shekara 17 ba shi da kuɗinta.

Na uku, an taɓa gwadawa da gogen Turawa. A binciken da Claudia Fritz da abokan aikinta suka wallafa a 2012 da 2014, an sa wa ƙwararrun makaɗa tabarau mai duhu aka ba su tsofaffin goge na Italiya irin Stradivari da sababbi, ba su iya rarrabewa yadda ake zato ba, da yawa ma sabon suka zaɓa. Goge kuwa katakonsa ne ke fitar da sauti kai tsaye, ina ga bes da sai ta bi ta maganaɗisu da waya da amfilifaya. Shi ya sa ni ban yarda cewa shekarun katako su ne sirrin ba. Kuma injin da kwamfuta ke sarrafawa yanzu yana yanka wuya daidai fiye da da, bes mai araha ta Indonesiya a yau ta fi mai arahar 1975 lafiya nesa ba kusa ba.

Kamfanonin na ji?

Suna ji sarai, don kewar ta zama haja. Tun 1982 Fender ta fara sake ƙera zubin tsofaffinta, a shekarar ne kuma aka kafa Fender ta Japan, su ma jitocinta na farko yanzu sun zama abin nema. A 1987 ta buɗe sashen ƙera na musamman, a 1995 ta fara sayar da sabuwar jita da aka goge wa fenti aka yi wa tabo da gangan don ta yi kama da tsohuwa, kuma ta fi mai sheƙi tsada. Duk da haka masu kuka ba su daina ba, don sau da yawa suna ne ke dawowa, zubin wuyan ko fikof ɗin ya sha bamban, ko a ƙera 'yan kaɗan a sa farashin da makaɗin coci ba zai iya ba. Masu tara kaya, likitoci da lauyoyin Turai da Amurka da ke rataye jita a bango, su suka ɗaga farashin na asalin har ya fi ƙarfin masu ci da sana'ar, wannan kuma yana ba ni takaici ƙwarai, kayan aiki ne aka mayar kadara.

Mai saye a Katsina fa?

Yawancin bes ɗin da ke zuwa mana gwanjo ne, daga Alaba a Legas ko Sabon Garin Kano, kuma da dala ta tashi kalmar tsohuwa ce ta asali ta zama hanyar ƙara kuɗi. Tambarin Fender sitika ce da ake mannawa a kan kowace jita, kada suna ya ruɗi kowa. A duba lambar da ke kan wuya ko farantin baya, a nemi a kwance a ga ƙasan wuyan da cikin ramin wayoyi, mai gaskiya ba zai hana ba. Tsohuwar da aka canza wa fikof da fenti ta rasa yawancin darajarta a kasuwa ko da tana da daɗin bugu.

Babban abin dubawa a wajenmu shi ne wuya. Kayan kiɗan katako sun fi son danshin iska wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturunmu kuwa yana sauka ƙasa da 20, jitar da ta shekara 30 a Turai ta kwana a gumin Legas ta iso Katsina a Janairu, katakon fuska zai tsuke, bakin firet ya fito yana yankar hannu, wuya ya lanƙwashe, da damina kuma ya koma ɗaya gefen. Idan ƙarfen cikin wuyan ya ƙare murɗi ko ya karye, to an gama, gyaransa ya fi ƙarfin yawancin masu gyara. Kafin a biya a sa makulli a tabbatar yana juyawa. Kada a bar ta a but ɗin mota da rana, a riƙa ajiye ta cikin jakarta.

Sai maganar wuta. Yawancin wuraren bikinmu janareta ne kuma ba a haɗa wayar ƙasa, fikof ɗin Jazz in ka buɗe guda ɗaya kawai zai yi ta ƙugi a sifika, na Precision da aka raba biyu tun 1957 an yi shi ne don ya kashe ƙugin. Mai batir kuma in batirin 9V ya mutu ana tsakiyar kiɗa, wasu shiru suke yi gaba ɗaya, kuma allon lantarkin tsohon samfurin da aka daina in ya ƙone ba ka samun madadinsa ko a Legas. Marar batir kuwa abin murɗawa ne da 'yar kafasita da waya, duk mai gyaran rediyo a Ƙofar Ƙaura zai iya yi mata dalma. Wannan kewar ta sauƙin gyara ita ce na fi ɗauka da muhimmanci, don ita ce ke raba wanda zai buga bikin Asabar da wanda zai koma aro.

Wanda sautin da ɗin yake so kuma aljihu bai kai ba, ya nemi Squier, wato mai arahar Fender, ko Yamaha BB ko Ibanez mai lafiyayyen wuya, ya sa mata tsirkiya mai santsi, ya yanko soso ya cusa ƙarƙashin tsirkiyar dab da gada, ya rage abin murɗa kaifi zuwa rabi, ya buga da yatsa kusa da wuya. Tsirkiya mai santsin ba a cika samunta a Kano ba sai an yi saƙo Legas, amma in an sa tana shekaru ba a canza ba.